Keken da Aka Saya wa Inna

Ni tela ce, kuma ƙofar shagona tana kallon shingen kan iyaka, saboda haka kada wani ya ce mini ji na yi. Da idona na gani. Katangarmu kuma ɗaya ce da ta gidan Inna ungozoma, in an yi tari a can sai mu ce sannu daga nan.

Garin namu asalinsa guda ne. A zamanin kakanninmu wasu baƙi suka zo da igiyar awo, suka kafa turken siminti a tsakiyar gari, suka ce daga nan zuwa can wata ƙasa ce, suka yi gaba abinsu. Kasuwa ta faɗo wajenmu, rafi da maƙabarta suka faɗa tsallake. Har gobe, in mutum ya rasu a nan sai an ɗage masa sandar shinge kafin a kai shi makwancinsa. Awaki ne kaɗai ba su taɓa yarda da maganar ba. Mu kuwa mun saba: ka tsaya, a buɗe buhunka, a lalube ka, ka wuce ka gaida kawunka da ke can ɓangaren.

Mutum ɗaya ce ba a taɓa tsayarwa ba, ita ce Inna. Tun tana da ƙuruciya take tsallaka shingen nan da 'yar jakarta, duk inda naƙuda ta kama mace, nan ko can. Ma'aikatan shinge ana kawo su ana ɗauke su, amma kowane in zai tafi sai ya nuna wa na bayansa ita, ya ce wannan ba a taɓa ta. Shugabansu na yanzu, wanda muke kira Dogo, tagwayensa a hannunta suka faɗo. Yana hango ta yake miƙewa ya ɗage sanda da kansa.

Wannan mutuncin ne babban ɗanta, Mai Shago, ya duba ya ga jari.

Ba a jima da rasuwar mahaifinsu ba ya shigo mini da wani yadi mai kauri, wai in ɗinka wa Inna 'yar ciki. Ya zana mini da yatsa a kan tebur: aljihu a gaba, aljihu a gefe, har a gadon baya. Na tambaye shi me tsohuwa za ta yi da aljihu a baya, inda hannunta ba ya kaiwa. Ya ce in yi aikina kawai. Na naɗe masa yadinsa na ce ya kai wa wanda bai san Inna ba. Ya kuwa kai, aka ɗinka.

Daga nan Inna ta yi ƙiba rana ɗaya. Matar da iska ke neman ɗauka, sai ga ta tana tafe kamar randa, babban mayafi har ƙasa. Da farko sigari ne da turare. Da Mai Shago ya ga hanya ta buɗe sai ya koma baturan waya, daga nan kayan gyaran babur, ƙarfe zalla. Ta je da kaya, ta dawo da wasu. Inda take kai su wani sito ne a ƙarshen tsallake, bayan rafi. Abin da ake gaya wa mutane shi ne ta tafi ganin ƙanwarta. Gidan ƙanwar kuwa shi ne na farko bayan turke, daga shagona ina hangen ƙofarsa. Kullum Inna sai ta wuce ƙofar nan ba ta shiga ba, don da kayan a jikinta ba ta iya zama, kuma tana tsoron ƙanwar ta rungume ta ta ji ƙarfe.

Inna na da ciwon suga, duk gidan sun sani. Wata rana a hanyar rafi ƙaya ta soke ta a tafin ƙafar hagu. Ƙaya fa, abin da yaro zai cire ya ci gaba da wasa. Ita wurin ya ƙi rufewa. Ya yi ja, ya kumbura, ya fara ruwa. Ni na ja ta zuwa wurin malamin asibitin garin, ya wanke, ya ɗaure, ya ce ƙafar nan kada ta taka ƙasa sai ta warke, kada kuma ruwa ya taɓa ta. Ya faɗa ya maimaita, ya ce masu irin ciwonta daga ƙaramin abu irin wannan ake rasa ƙafa.

Na kai saƙon gidan da bakina. Mai Shago yana jera kaya a kan kantar shagonsa, ko juyowa bai yi ba. Ya ce ai shi ma ya ji a rediyo cewa babu maganin suga irin tafiya, zama ne ke kashe tsofaffi. Matarsa ta ce wallahi Inna ce da kanta ba ta son zama, in an hana ta fita har fushi take yi. Na nemi ƙaramin, Auta, wanda ke haya da babur, na same shi yana goge taya. Ya ce shi me zai ce, Yaya ne babba. Kowa da amsarsa a aljihu, kamar sun yi bita.

Washegari Inna ta ce ba za ta iya ba. Ina jin su ta katanga. Mai Shago bai ɗaga murya ba, shi ba ya faɗa, abin da ya sa mutane ke ce masa mai haƙuri ke nan. Cewa ya yi ba komai, ta huta abinta, sai Auta ya ɗauki kayan a babur ya bi ta daji. Kowa ya san abin da ke cikin dajin nan: masu sintiri da ba sa tambaya kafin su yi harbi, da ɓarayin da ke tare hanya. A shekarar ma an dawo da ɗan maƙwabtanmu a kwance. Sai na ji Inna na cewa a miƙo mata rigar.

Shi ke nan ya gano inda zai riƙa dannawa. Duk ranar da ta ce ƙafa, sai ya ce Auta.

Ni dai na rasa sukuni. Ina taka keken ɗinki ina leƙen hanya, in ɗinka hannun riga a wuya, in farke. Da safe in ga fitarta tana ɗingishi, in ƙi cin abinci sai na ga dawowarta. Takalminta ya daina shiga, ta koma saka na marigayi mijinta a ƙafar hagu, nata a dama. Yara suna dariya, ita ma tana taya su. Da ta iso shinge sai ta daidaita tafiya, ta ɗaure fuska da murmushi, Dogo ya ɗage sanda yana tambayar ta ko yau wa za a haifa. Ta ce masa sai dai abin da Allah ya kawo.

Damina ta sauka, rafi ya kawo ruwa har gwiwa. Babu gada. Inna ta riƙa shiga da ƙafar nan da aka ce kada ruwa ya taɓa, ta fito da bandeji jiƙe da laka. Da yamma in shiga ɗakinta da ruwan ɗumi in kwance mata. Ba zan ɓoye ba, sai na toshe hanci da gefen ɗankwali. Matar Mai Shago ta daina bari yara su shiga ɗakin saboda wari, ta sa aka mayar da kwanon Inna bakin ƙofa. Warin ya dame su, amma abin da ke kawo shi bai dame su ba.

Na ce, “Inna, don girman Allah ki ƙi. Ki zauna ki ga wanda zai ɗaga ki.”

Ta ce, “'Yar nan, ƙafa biyu gare ni. Auta guda ɗaya ne.”

Na ce zan je in gaya wa Dogo komai. Ta kama hannuna ta riƙe gam, ta ce in na yi haka ba ta yafe mini ba, don ɗanta za a ɗaure, ita kuma a ce ungozomar gari 'yar fasa-ƙwauri ce. Na fito ina kuka don haushi, na rasa wanda zan huce a kansa, na je na zazzage wa mijina da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da babban yatsan ya yi baƙi, malamin asibiti ya zo gidan da ƙafarsa. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibitin birni yau, ba gobe ba. Mai Shago ya yi masa godiya, ya raka shi har waje, ya dawo ya ce malaman nan akwai su da tsorata mutane. Ya ce za a kai ta mana, wa zai ƙi kai uwarsa asibiti, amma a bari ranar kasuwa ta wuce, don kaya sun riga sun iso kuma mutanen tsallake suna jira. Zuwa ɗaya tak, in ji shi, daga shi ta huta.

Ranar kasuwar da zazzaɓi ta fita. Ina tsaye a ƙofar shago, almakashi a hannuna. Ta wuce shinge, ta kai daidai turke, sai na ga ta tsaya tana lalube iska, ta tafi luu ta faɗi. Ma'aikatan shinge suka zabura. Amma Auta, wanda aka sa ya riƙa bin ta daga nesa, ya riga su isa. Na ɗauka uwarsa ya rugo ya taimaka. Ashe hannuwa ya buɗe ya tare su, yana roƙon kada kowa ya taɓa ta, su za su ɗauki abarsu. Dogo ya ja da baya, ya ɗauka kunya ce irin ta 'ya'ya. Aka ɗora ta a babur, wani ya riƙe ta ta baya. Ba hanyar birni suka nufa ba. Gida suka kawo ta, suka tuɓe rigar, suka zazzage aljihunan, Mai Shago ya duba ko wani abu ya fashe, sannan aka nemi mota.

A birni suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ya ce da an kawo ta da wuri, yatsa kawai za a cire.

Da aka dawo da ita gidan ya cika da 'yan dubiya, na nan da na tsallake, yawancinsu mata da 'ya'yan da ta karɓa. Mai Shago na bakin ƙofa yana amsa sannu, yana cewa haka Allah ya ƙaddaro, suga ba ya jin magani. Ni ko kallonsa ban yi ba. Na san in na buɗe baki sai an fitar da ni.

Abin mamaki, Inna ta fara murmurewa. Fuskarta ta ciko, barci ya dawo mata. Tana zaune a kan tabarma tana yi wa jikoki kitso, tana tsokanata wai ɗinkina ya karkace tun da na daina leƙen hanya. Rannan ta shafa dungulmin ta yi dariya ta ce ashe kuɗin hutu ƙafa ɗaya ne, da ta sani da tuni ta biya. Ni ban yi dariyar ba. Amma na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai an gama.

Kantar Mai Shago kuwa ta fara yin fayau. Sai ka gan shi ya shiga ya fita, ya zauna ya miƙe, waya a kunne, yana ba mutanen tsallake haƙuri. Ya yi ta zirga-zirga zuwa wurin mai walda a bayan kasuwa. Ban kawo komai a raina ba.

Da rani ya shigo, sai ga keke an turo shi tsakar gida. Irin mai taya uku ɗin nan da ake tuƙawa da hannu, sabo fil, an yi masa shuɗin fenti har da ƙararrawa. Unguwa ta taru. Mai Shago ya ce ba zai iya ganin mahaifiyarsa a zaune wuri ɗaya ba, ya saya mata ne ta riƙa zuwa ganin ƙanwarta. Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka, wata har da hawaye, tana cewa Allah ya ba kowa ɗa irinsa. Ni ma, Allah ya sani, na ce ko nadama ce ta zo masa.

Matarsa ta kira ni in auna kujerar in ɗinka mata matashi, don katako ne tsirara. Na durƙusa da tef ɗina. Ina jan tef ta baya sai na ji kujerar ta motsa. Na ɗaga. Ashe buɗewa take yi, kamar murfin akwati. A ƙarƙashinta mai walda ya ƙera wani akwatin ƙarfe mai zurfi, an shafe shi da baƙin fenti yadda daga waje sai ka ce inuwa ce. Abin da zai ci ya ninka na rigar nan sau nawa.

Na tafi shagon a tsaye, tef na rataye a wuyana. Na ce wa Mai Shago ya ji tsoron Allah, ƙafa ɗaya ba ta ishe shi ba? Ya dube ni kamar ni ce mara hankali. Ya ce ai yanzu ne ma ba za ta wahala ba: ba tafiya, ba ɗauka, tana zaune abinta kamar sarauniya, rafi kuma ya ƙafe. Ya ce jikokin nan da take yi wa kitso da me nake so su ci. Ya ƙare da cewa tun da ba a cikin gidan aka haife ni ba, in tsaya a kan ɗinkina.

Na shiga wurin Inna ina haki, na fara ba ta labari. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce tun ranar da aka ɗora ta a kai ta ji kujerar na amsa kuwwa, ita da ta yi shekaru tana ƙwanƙwasa cikin mata ai ta san abin da ke da rami. Ta dubi dungulminta. Can ta tambaye ni ko ƙanwarta tana nan a gida ranar kasuwa. Na ce kullum ina ganin ta a ƙofa. Ta ce to, in je in ɗinka matashin.

Ranar kasuwa da hantsi, layi ya yi tsawo a shinge: masu buhuna, masu jakuna, mata da kaji. Sai ga Inna ta ɓullo tana juya hannun keken da ƙyar, jijiyoyin wuyanta sun tashi, tayoyin baya sun nutse a ƙasa don nauyi. Mutane suka dare suna yi mata barka. Mai Shago na tsaye can gindin bishiya, wai yana waya. Dogo ya taso da fara'a, ya ɗage sanda sama.

Inna ta shiga ƙarƙashin sandar ta tsaya cak.

Ta ce, “Ɗana, yau ka duba ni.”

Dogo ya yi dariya. “Haba Inna. Ni in duba ki? Wuce abinki, Allah ya ƙara sauƙi.”

“Na ce ka duba.”

“Ko shugabana ne ya zo ya ce in taɓa ki, sai dai in ajiye aikin. Wuce, Inna, mutane na jira.”

Ta dube shi, ta dubi layin. Na ga ta gane ba wanda zai sauke mata wannan kayan, girman da ake ba ta shi ne igiyar da aka ɗaure ta da ita. Sai ta saki hannun keken, ta dafa ƙarfen gefe, ta zamo a hankali har ta dire ƙasa a zaune. Ta gyara mayafinta, ta kafa tafin hannuwanta a cikin ƙura, ta ja jiki gaba.

Na watsar da abin da ke hannuna na ruga. Na sunkuya zan ɗauke ta, ta ce in bari. Dogo ya durƙusa yana roƙon ta, ta ce shi ma ya bari. Haka tsohuwar nan da ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke tsaye a wurin ta riƙa jan gindi a ƙasa, dungulmi na shara a ƙura, mu muna biye da ita muna kuka kamar yara. Da ta wuce turke sai ta jingina da shi ta huta. Ƙanwarta ta fito a guje ba ko takalmi, ta faɗa kanta ta rungume ta. Wannan karon Inna ba ta janye jiki ba.

Keken na nan ƙarƙashin sanda ya tare hanya. Wani ma'aikaci ya zo zai ture shi gefe, ya ji ya ƙi motsi. Ya dubi Dogo. Dogo ya ɗaga matashin da na ɗinka, ya ɗaga kujerar, ya daɗe yana kallon ciki. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza. Ya tambaya da ƙarfi ko keken nan na wane ne. Duk wanda ke layin nan ya san amsa, da yawansu suna tsakar gidan ranar da ake sa albarka. Aka waiwaya gindin bishiya, ba kowa.

Har yau ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Yana nan bayan ofishin shinge, fentin ya kwaile, kaji na kwana a kai.

Mai Shago yana nan yana yawo da bakinsa. Wai tsufa ne ya taɓa mata kai. Wai ta tozarta shi a bainar jama'a bayan duk abin da ya kashe a kanta. Akwai masu gyaɗa masa kai, don a garin nan in namiji ya yi magana a hankali sai a ce yana da gaskiya. Auta kuwa ya sayar da babur ɗin ya koma tsallake yana yi wa mutane dako, shi ke ɗaukar Inna ya fito da ita ƙofa da safe. Bai dai taɓa iya haɗa ido da ni ba, ni ma ban sauƙaƙa masa ba.

Ina ganin ta daga nan, a kan tabarma a ƙofar ƙanwarta, masu ciki na zuwa tana shafa su. Matar Mai Shago ma da nata cikin ya tsufa, can ta lallaɓa, Inna ta karɓe ta kamar kowa. In ta hango jikokinta a wannan ɓangaren sai ta ɗaga musu hannu. Wani lokaci kuma sai in ga ta ƙura wa ƙofar shagon ɗanta ido, ta daɗe, sannan ta kau da kai.

Tsakanin shagon nasa da tabarmarta, in ka yi kira za a ji. Sandar shinge kullum ana ɗage ta. Mai Shago bai taɓa zuwa ba, kuma ƙafafunsa biyu lafiya lau suke.